Gayya a Gonar Mai Baki

Yanzu in na zauna a ƙofar ɗakina da yamma, abin da na fi ji shi ne shiru. Ba wai mutane sun ragu ba ne, mun ma fi da yawa, gidaje sun cinye gonakin da muke roron gyaɗa a cikinsu. Kowa kuma da waya a hannu yana ta dannawa. Amma tun da ɓarayin daji suka sa ƙasar nan gaba, baki ya mutu. Mutum biyu za su tsaya hira a bakin masallaci, na uku na dosowa sai su koma zancen tsadar taki. Kowa na tsoron a ce shi ne infoma, wato mai kai wa ɓarayi rahoto, ko kuma wani ya kai nasa rahoton. Abin yana ci mini rai, wallahi, don ni na tashi a garin da maza ke musu har jijiyar wuya ta miƙe, in an kira magariba su jeru a sahu ɗaya, a fito su sa hannu a akushi ɗaya.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, gari yana da murya. Kafin rana ta fito za ka ji turame sun ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, mata na lugude suna jefa wa juna habaici ta saman danga. Za ka ji mai nono tana talla, ka ji jakuna sun nufi kasuwar Bakori da kaya, ka ji maƙeri yana dukan ƙarfe. Ashana ba kowa ke da ita ba, don haka da safe yara ke yawo da kasko suna ɗiban wuta gida gida, kuma duk gidan da aka shiga sai an fito da labari tare da garwashin. Surukata, wadda muke ce wa Inna, takan ce ita in ta ga an kwana biyu ba a yi gardama a ƙofar gida ba, to sai ta aika a duba ko maza ba su da lafiya.

Ai kuwa ta haifi mai gardama. Sunan maigidana ba zai fito daga bakina ba, ko yanzu da ƙasa ta rufe masa ido. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce abin salla da 'yan surori ba. Manomi ne, amma yana gyaran keke a wata rumfa da ya kafa jikin dangar madafina. A Funtua ya koyi gyaran, wurin wani Ibo da ya riƙe shi kamar ƙani. Da rigima ta tashi mutanen Gabas suka kama hanyar gida, mutumin ya bar masa akwatin kayan aikinsa, ya ce ya riƙe masa har ya dawo. Malam yana da rediyo, irin mai jakar fata, kuma a duk unguwarmu ita kaɗai ce. Saboda ita rumfarsa ta zama majalisa. Ni ina tuƙa tuwo ta ciki, su suna tuƙa duniya ta waje, ba abin da ke wuce kunnena.

Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin gwamnati da mutanen Gabas. Mu ba mu ga wutarsa ba, amma mun ga manyan motoci suna zuwa suna kwasar samari, ana buga musu ganga, uwaye na guɗa da baki suna kuka da ido. Cikin waɗanda suka tafi har da ɗan fari na Sarkin Noma. Shi Sarkin Noma dattijo ne dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda ba a kiran gayya a garin nan sai da yardarsa, kuma shi ne babban abokin musun Malam. In Malam ya ce ruwa zai sauka gobe, shi sai ya ce jibi. Tun da ɗansa ya tafi kullum yana bakin rediyon nan, ko zai ji an ambaci inda suke.

Gidan rediyon gwamnati kullum cewa yake an ci gari kaza, an kama gada kaza, saura ƙiris. Malam kuwa in an gama wannan sai ya murɗa ya kamo tashar ƙasar waje, inda ake cewa yara a can ɓangaren suna mutuwa da yunwa. Wata rana da la'asar, damina ta yi tsakiya, ina tankaɗe na ji ya kashe rediyon ya ce:

"Ni dai ban ga nasara a cikin yunwar yaro ba. Waɗanda suka haɗa yaƙin nan a kan katifa suke kwana, mu da talakawan can ne muke binne 'ya'ya. A zauna a sasanta mana."

Sai na ji Sarkin Noma ya ce:

"Ɗana yana can yana tarar harsashi don ƙasa ta zauna ɗaya, kai kana nan kana liƙin taya kana tausayin masu harbinsa. Kai dai ba ka aika kowa ba, shi ya sa."

Malam ya ce don yaron ya dawo da ransa ne ma yake faɗa. Sarkin Noma ya ce ya riƙe tausayinsa, ya karkaɗe rigarsa ya tashi, mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Da Malam ya shigo na tare shi, na ce shi ke nan bakinsa ba ya da linzami, mutum ɗansa na bakin wuta za ka gaya masa wannan? Don gaskiya a ranar ni ma na fi ganin hujjar Sarkin Noma. Ya ce da ni shi bai zagi kowa ba, abin da ke ransa ya faɗa, a ƙofar gidansa, da rana tsaka. Na ce to ya ci tuwonsa tun da zafi, wataƙila ya toshe masa bakin.

Ba a daɗe ba 'yan doka biyu suka zo a kan kekuna, suka ce an kai ƙarar Malam yana kashe wa jama'a gwiwa, yana goyon bayan abokan gaba. Abin dariya abin kuka, tayar ɗayansu ta sace a hanya, sai da suka sa shi ya liƙe ta tukuna, sannan suka ɗaura masa igiya a ƙugu suka tasa shi sai Malumfashi, rediyon a rataye a wuyan ɗan doka. Ba wanda ya san wanda ya kai rahoton, amma kowa a ransa Sarkin Noma ya zarga, har da ni.

Daga ranar gidanmu ya zama kamar an ce akwai cutar agana a ciki. Yara suka daina shigowa ɗiban wuta. Matan da ke aiko a sam musu daddawa suka gano ashe wasu ma suna da ita. In Inna ta fita, sai a amsa gaisuwarta ana kallon ƙasa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, don kowa na ganin in ya raɓe mu igiyar nan za ta kai ƙugunsa. Ni kuwa ga tsohon ciki, ko sunkuyawa ba na iyawa sosai, Inna ga ciwon gwiwa. Gonarmu ta dawa da auduga ta isa maimai, wato noma na biyu, ruwa kuma yana ta zuba ba ƙaƙƙautawa. Inna ta lallaɓa ta je ta gani, ta dawo ta ce ciyawar harƙiya ta kusa shanye dawar. In aka ƙara jinkiri, abincin shekara ya tafi, ga jariri na tafe. A rumbu kuwa ɗan geron da ya rage ana ganin ƙasan rumbun ta tsakaninsa.

Yaran yanzu ba su san gayya ba, bari in faɗa. In aikin gona ya fi ƙarfin mutum, sai ya ƙunsa goro a ganye ya kai wa Sarkin Noma. In Sarki ya ɓare ɗaya ya sa a baki a gabanka, ya karɓa ke nan, zai aika wa makaɗi, kuma da an sallame asuba ganga za ta tashi samari da magidanta su yi maka aikin a yini guda. In kuma ya turo maka goronka da ba da haƙuri, to babu. Naka shi ne fura da tuwo, ka ciyar da su su ƙoshi. Ba a taɓa hana marar lafiya gayya ba, ko matar da mijinta ya rasu, ko wanda tafiya ta riƙe. Amma gonar wanda hukuma ta ɗaure saboda bakinsa, wannan ba wanda ya taɓa gani, balle a ce wurin mutumin da ya ɓata wa rai za a kai goron.

Inna ta ce in ɗauko mayafina. Na ce Inna, wurin wanda ya sa aka kama ɗanki za mu je mu durƙusa? Ta ce ita ba ta ga lokacin da ya sa ba, kuma ko shi ne, sarautar noma ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gari ce. Muka same shi a zaure bayan la'asar yana sa wa fartanya ƙota. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Inna ta tura masa ƙunshin goron ta faɗi abin da ya kawo mu, har da ranar da muke so. Ya daɗe yana dukan ƙotar nan a kan dutse. Bai ɓare goron ba, bai kuma turo mana shi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji." Muka taso ba mu san matsayinmu ba.

Ana gobe ranar, Inna ta ce a sauko da geron nan duka. Na ce in ba su zo ba fa, mun zubar da abin da ya rage mana. Ta ce geron da ba zai kai mu kaka ba, ko an daka ko ba a daka ba, duk ɗaya ne, gara mu ji kunya da tuwo a tukunya da mu ji ta da tukunya a kife. Muka kama surfe mu biyu, tsohuwa da mai ciki, taɓarya na fita ɗaya ɗaya kamar a gidan makoki. Can sai ga maƙwabciyarmu ta ɗaga zana ta baya ta shigo da taɓaryarta. Ko sallama ba ta yi ba, ta ture ni gefe ta kama daka. Har ta gama ba ta ce uffan a kan Malam ba, ni ma ban tambaye ta ko mijinta ya san ta zo ba.

Gari ya waye, aka sallame asuba, na kasa kunne. Ba ganga. Zakaru suka gama cara, rana ta fito ta hau kan danga, ba ganga. Ga fura cike da masakai an rufe da faifai, ga miyar kuka tana tafasa, ƙudaje sun fara taruwa. Inna ta zauna a kan turmi tana jan carbi, ba ta kalle ni ba. Ni kam na shige ɗaki na fashe da kuka, ina jin haushin Sarkin Noma, ina jin haushin Malam da bakinsa, ina jin haushin yaƙin da ko hayaƙinsa ban gani ba amma ya shigo mini har madafi.

Hantsi ya ɗaga sosai sannan na ji ta. Da farko na ɗauka bugun zuciyata ne, sai na ji maroƙi ya ɗaga murya yana kirarin manoma. Na leƙa ta ɓular danga, sai ga Sarkin Noma a gaba da fartanya a kafaɗa, mutane a bayansa layi guda har kwanar masallaci. Daga baya muka ji abin da ya jinkirta su. Ashe tun asuba makaɗin ya ƙi fita don tsoro, mutane ma kowa ya maƙale a gida, sai da dattijon nan ya bi su ƙofa ƙofa da ƙafarsa. Duk wanda ya ce masa hukuma fa, sai ya ce ɗansa ne ke sanye da kakin hukumar, in kamu za a yi a fara da shi.

Da rana ta take muka kai abinci gona. Na tarar sun ci fiye da rabi, ƙasa ta juye baƙa, dawa ta fito tana kaɗawa. Na durƙusa na miƙa wa Sarkin Noma ludayi, ina son yin godiya. Ya sha furar, ya goge gemu, goro ja a haƙoransa, ya ce:

"'Yar nan, kada ki gode mini, don har gobe ban yarda da maganar mijinki ba. Amma bakinsa ne ya yi magana, dawarsa ba ta ce komai ba. Kuma ba ni na kai shi ba. Ni in ina da magana da mutum, a gabansa nake zama, kuma ban gama ba shi amsa ba aka ɗauke mini shi."

Bai tsaya nan ba. Bayan gayyar ya ɗebi dattawa suka tafi Malumfashi a ƙasa, suka tsaya wa Malam. An ce da aka tambaye shi ko ba shi ne aka yi wa maganar ba, sai ya ce shi ne, kuma shi ya ji zafinta, don haka shi ya fi kowa ikon cewa a sake shi. Malam ya dawo a rame, ƙwarƙwata cike da riga, kafin in haihu. Rediyon dai ba ta dawo ba, sai da aka sayar da auduga ya sayi wata. Ran da ya kunna ta, Sarkin Noma ne ya fara zuwa ya shimfiɗa buzunsa, ya ce to, ina muka tsaya?

Yaƙi ya ƙare, yaron Sarkin Noma ya dawo da ɗingishi, bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Ibon nan bai dawo ba, akwatinsa na nan a ƙarƙashin gadona har yau. Su kuwa biyun nan suka ci gaba da musu a kan yaƙin da ya wuce har furfura ta rufe su, ba wanda ya sauka daga kan bakansa. Da Sarkin Noma ya rasu, Malam ya daɗe bai kunna rediyo ba, ya ce wa zai gaya wa.

Abin da ya tono mini duk wannan shi ne jikana, wanda aka sa wa sunan Malam, don haka Maigida nake kiransa. Ya gaji sunan, ya gaji bakin. A daminar nan aka yi taron unguwa a kan tsaro, sai ya miƙe ya ce ba daidai ba ne 'yan sa-kai su riƙa tare duk Bafulatanin da ya shigo kasuwa suna duka, don wasunsu tare aka tashi, kuma su ma an kore musu shanu. Shugaban 'yan sa-kan jikan Sarkin Noma ne, kuma ɓarayi sun kashe masa ƙani a hanyar Danja. Ya ce wanda bai ɗauki gawar ɗan'uwansa ba ne ke irin wannan magana. Kafin a kwana kalmar infoma ta manne wa Maigida. Aka daina hawa babur ɗinsa, aka daina amsa masa sallama da kyau. Masararsa ta bushe a kara, ruwan ƙarshe na dukanta, 'yan ƙwadago suka ce ko nawa zai biya ba za su shiga gonarsa ba. Matarsa kuwa goyo take yi.

Na aika aka sayo mini goro. Maigida ya ce, "Tsohuwa, wa yake gayya yanzu? Dariya za a yi miki." Na ce an yi mini wadda ta fi wannan tun ba a haifi ubansa ba. Na dogara sandata har gidan jikan Sarkin Noma, na same shi yana goge bindigarsa ta gargajiya. Ya tashi da sauri ya ba ni kujera, na ƙi, na zauna a ƙasa na ba shi labarin kakansa tun daga rumfar keke har gonar dawa. Na ce ban zo in ce jikana ya fi shi gaskiya ba, don ni ma na yi kukan ƙaninsa. Na ajiye goron na taso. Bai ɓare ba, bai turo mini ba, ina jin ma bai san abin da ake yi da shi ba.

Na sa aka jiƙa gero, aka kai inji, don yanzu ba mai daka. Da safe na zauna a nan inda nake, ina sauraro ko da na san ba sauran ganga a garin. Hantsi ya yi, sai muka ji rugugin babura da yawa sun nufo unguwar. A zamanin nan wannan ƙara ba ta da daɗin ji, domin da irinta ɓarayi ke shigowa. Matar Maigida ta suri ɗanta. Sai yara suka shigo da gudu suka ce 'yan sa-kai ne, ba bindiga, buhuna ne ɗaure a bayan baburansu. Ba kowa ya zo ba, wasu har yau ba sa gaishe shi. Amma jikan Sarkin Noma ya leƙo zaure ya ce, "Hajiya, ki gaya wa jikanki ya fito ya nuna mana iyakar gonar. Maganarmu da shi kuwa tana nan, in mun gama karyar masara zan ba shi amsa."

Na ce da matar Maigida ta ajiye yaron nan ta ƙara ruwa a tukunya, tuwon ba zai isa ba.